Sawun Ɓarawo

A Bergen ruwan sama ba ya sallama.
Ranar da aka sallamo Oddvar daga asibiti
zuba yake, siriri, ba gaggawa,
ni riƙe da lema, shi riƙe da takarda
mai kalma ɗaya da aka ja wa layi da jan biro:
homosistin, goma sha takwas.

Na tambayi Likita Ragnhild, wane ne wannan baƙo?
Ta ce guntun saura ne da jiki ke bari
in ya gama aiki da nama da kifi da ƙwai.
In ya taru, ana zarginsa da gurje bangon jijiya
yadda ruwan gishiri ke cin bututu ta ciki.
Oddvar ya gyaɗa kai.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a ƙasan jirgin fito,
daga shi sai inji sai tsatsa.
Wannan yaren ya iya shi.

Ƙwaya uku aka ba mu.
Folik asid, ’yar rawaya, kamar ƙwayar gero,
bitamin B sha biyu, ja-ja,
da B shida, fara, mai maƙale masa a maƙogwaro.
Duk daren Lahadi, bayan hasashen yanayi,
nakan zauna da akwatin roba mai ɗaki bakwai
ina rabon gado ga kwanakin da ba su zo ba.

Lamba ta ji magani.
Sha takwas ta koma sha uku kafin dusar ƙanƙara,
ta koma tara kafin ta narke.
Ya manna takardar a ƙofar firji
kamar sakamakon jarrabawar jika,
ya ce, Aslaug, tun da mun ci,
miƙo man shanun nan.
Na miƙa. Har da gishiri na miƙa.
Lofen da ya rantse ya jefa a teku
na ji ƙanshinsa a aljihun rigar sanyi,
na yi kamar mura nake.

Wata Alhamis, a watan huɗu,
a matakala ta sha ɗaya cikin ashirin da biyu,
gwangwanin fenti ya riga shi sauka.
Shuɗi ne. Har yau yana nan a tsagin katako.
Da motar asibiti ta tafi da shi
na buɗe akwatin roba da hannu mai rawa:
ɗakin Alhamis wayam.
Ya sha. Bai taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Likita ba ta yi mini kwana-kwana ba.
Ta cire tabarau, ta murza idanu,
ta ce an gwada a kan dubban masu ciwon zuciya,
lambar tana sauka, babu musu,
amma zukatan ba su samu labari ba.
Wataƙila, in ji ta, ba ɓarawon muka kama ba,
sawunsa muka share a bakin ƙofa
alhali yana cikin ɗaki yana kwasa.
Wataƙila ga wasu, a wani wuri, ƙwayar na da rana.
Kalmar wataƙila sau uku na ƙirga.

Ya dawo da ɗan ƙarfe a jijiya, bai kai ashana ba.
Yanzu muna taka gangaren tashar jirgi da hantsi,
yana tsayawa a kowane benci
wai yana duba jirage.
Man shanu ya koma bayan firji, lofe ya koma teku,
wannan karon a gabana.

Kwalaben bitamin bai zubar ba.
Ƙusoshi ya zuba a ciki, da ƙugiyoyin kamun kifi.
Takardar tara kuwa tana nan manne,
ta yi laushi da tururin girki.
Na kai hannu sau biyu zan cire.
Ya ce bar ta, ai ba ƙarya ta yi ba,
tambayar da muka yi mata kawai ta amsa.